Tsohon Ido a Kan Sabuwar Kyamara: Darasi ga Ɗalibi Mai Fita Bincike

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin harshe da ya kai ajin ƙarshe ya san cewa aikin kundin digiri ba ya ƙarewa a laburare. Dole ne a fita a tattaro bayanai daga bakin dattawa, a halarci bukukuwa, a duba tsofaffin takardu, sannan a dawo da shaida. Mu da muka fito daga Kudancin Kaduna, inda ake magana da Tyap da Jju da Hyam da Gworok da Fantswam da wasu harsuna da dama, ga kuma Hausa da ta haɗa mu a kasuwa da makaranta, wannan aiki ya fi yi mana nauyi, domin abin da aka rubuta a kan al'adunmu bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa hoton da ɗalibi ya ɗauko shi ne kaɗai shaidar da za ta rage.

Saboda tsadar kayan hoto, wasu daga cikinmu sukan sayi kyamarar hannu marar madubi, sannan su nemi tsohon gilashi na zamanin fim su ɗaura mata, domin an gaya musu cewa kowane gilashi yana hawa muddin an sami adafta. Maganar hawa gaskiya ce. Sai dai hawan gilashi daban, kyawun hoto daban. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana dalilin da ya sa wasu ƙananan gilasai suke fitar da hoto tas, wasu kuma suke ɓata gefen hoton, da kuma yadda ɗalibi zai gwada kafin ya zuba kuɗinsa.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Tun da yake fannin bai sami kalmominsa na Hausa da aka amince da su ba, zan fara da bayyana waɗanda na zaɓa. Gilashin da ke gaban kyamara, wanda masu sana'ar hoto ke kira lens, zan kira shi ido. Farantin lantarki da ke cikin kyamarar zamani, wanda ya maye gurbin fim, zan kira shi allon haske. Ramin da ke cikin ido, wanda ake buɗewa ko a tsuke don a ƙara haske ko a rage shi, shi ne ƙofar haske. Ana rubuta girmansa kamar haka: f/2, f/4, f/8, kuma duk lokacin da lambar ta ƙaru, ƙofar tsukewa take yi. Lambar milimita da ke jikin ido kuwa, kamar 35 ko 50 ko 85, ita ce tsawon ido. Ƙaramar lamba tana ɗauko fili mai faɗi, babba kuma tana jawo abin da ke nesa.

Kyamarori iri uku ne suka shafe mu. Ta farko ita ce mai auna nisa, wadda mai hoto ke leƙawa ta wata 'yar taga a gefe, yana murɗa ido har hotuna biyu su haɗu su zama ɗaya. Kamfanin Leica na Jamus ne ya fi shahara da ita, musamman bayan fitowar samfurin M3 a 1954, kuma Tarayyar Sobiyet ta ƙera nata masu araha irin su FED da Zorki. Ta biyu ita ce mai madubi, wadda ke da madubi a ciki yana tashi sama duk lokacin da aka danna. Ta uku ita ce marar madubi, wadda ta fara fitowa a 2008 da samfurin Lumix G1 na Panasonic. A 2013 Sony ta fitar da A7 da A7R masu allo daidai da girman fim, wato milimita 36 da 24, sannan Nikon da Canon suka biyo baya a 2018.

3.0 Me Ya Sa Tsohon Ido Yake Hawa?

Kowane ido an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara ta musamman daga fim ko allon haske. A kyamarar Leica M tazarar milimita 27.8 ce, a tsofaffin masu zare irin na FED da Zorki kuma 28.8. Kyamara mai madubi tana buƙatar wurin da madubin zai yi motsi, don haka tazararta ta fi yawa: 44 a Canon EF, 46.5 a Nikon F. Wannan ne ya sa shekara da shekaru ba a iya amfani da idon mai auna nisa a kan mai madubi ba, domin idon yana son ya matso kusa fiye da yadda jikin kyamarar zai bari.

Da aka cire madubi sai tazarar ta ragu: 18 a Sony E, 17.7 a Fujifilm X, 16 a Nikon Z. Ke nan adafta ba wani abu ba ce illa zoben ƙarfe da ke cike gibin da ya rage. Idan za a ɗaura idon Zorki a kan Sony, lissafin shi ne 28.8 a debe 18, saura 10.8, kuma wannan shi ne kaurin zoben. Babu gilashi a cikinsa, saboda haka mutum zai zaci hoton zai fito kamar yadda yake fita a fim. A nan ne gizo ke saƙa.

4.0 Inda Matsalar Take

Tun da idon mai auna nisa ba ya tsoron bugun madubi, masu ƙera shi sun bar bayansa ya shiga can cikin kyamara, dab da fim. Wannan ne sirrin ƙanƙantarsa. Amma sakamakon haka shi ne, hasken da zai je kusurwar hoto yana sauka ne a karkace ƙwarai. Bari mu yi ɗan lissafi. Daga tsakiyar allo mai girman fim zuwa kusurwarsa akwai kimanin milimita 21.6. Idan wurin da haske ke fitowa daga bayan ido yana da nisan milimita 30 daga allon, hasken zai isa kusurwa da karkatar digiri 36. Idan nisan 60 ne, karkatar za ta sauko zuwa digiri 20. Idan 100 ne, digiri 12 kacal.

Fim bai damu da wannan ba, domin shimfiɗaɗɗe ne, ta ko'ina haske ya zo zai karɓa. Allon haske kuwa yana da halaye biyu da suka bambanta shi da fim.

Na farko, allon ya ƙunshi miliyoyin ƙananan ɗigo, kuma kowane ɗigo kamar rijiya yake. Da tsakar rana hasken rana yana sauka har ƙasan rijiya, amma da la'asar sai ya tsaya a bangonta. Haka hasken da ya zo a karkace yake kasa kaiwa ƙasan ɗigon, wani ma ya tsallaka zuwa ɗigon maƙwabta wanda aka tanada don wani launi daban. Wannan shi ke kawo duhun kusurwa fiye da kima, da kuma launin shunayya ko kore-kore a gefen hoto.

Na biyu, an rufe allon da wasu siraran gilasai masu kare shi da tace haske. Wanda ya taɓa tsoma sanda a ruwa ya ga yadda take kamar ta karye, ya san cewa haske yana lanƙwasa idan ya ratsa wani abu. Hasken da ya sauka a miƙe yana wucewa ba tare da wata illa mai yawa ba, amma wanda ya zo a karkace yana lanƙwasa ya watse, sai kusurwar hoto ta yi dishi-dishi kamar an shafa yatsa a kan ɗanyen tawada. Idon zamani an ƙera shi da lissafin wannan gilashi, tsohon ido kuwa bai san da zamansa ba.

Kaurin gilashin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A 2014 Roger Cicala na kamfanin Lensrentals da ke Amurka ya wallafa awon da aka yi, inda aka ga kyamarorin Olympus da Panasonic masu ƙaramin allo suna da kusan milimita 4, na Sony kimanin 2, na Leica kuwa sun fi kowa siranta. Ita Leica da gangan ta yi haka, don tsofaffin idanunta su ci gaba da aiki. A samfurin M8 na 2006 sirantar ta yi yawa, har baƙaƙen tufafi suka riƙa fitowa da launin shunayya, kamfanin ya koma yana raba wa masu saye wani gilashin tacewa da za su ɗaura a gaban ido. A samfurin M9 na 2009 gilashin bai kai milimita ɗaya ba, sannan an gusar da ƙananan idanun da ke kan ɗigon gefe don su tarbi hasken da ya karkata.

5.0 Gwajin da Na Yi

Don in ga abin da idona, na aro idanu biyu daga wani dattijo da ya daɗe yana sana'ar hoto a Kafanchan. Garin ya zama mahaɗar jirgin ƙasa tun ƙarshen shekarun 1920, ya tara ma'aikata daga sassan ƙasa, don haka ba abin mamaki ba ne a sami irin waɗannan kaya a ajiye a gidajen tsofaffin masu sana'a. Idanun su ne Jupiter-8 mai tsawon 50 da Jupiter-12 mai tsawon 35, duka ƙirar Sobiyet da aka kwaikwayo daga na kamfanin Zeiss. Kyamarar kuwa Sony A7 ce ta wani abokin karatuna.

Na buga takardu biyar masu rubutu iri ɗaya, ɗauke da kalmomin da lanƙwasar harafi kaɗai ke bambantawa: kafa da ƙafa, baki da baƙi, bari da ɓari, da da ɗa. Na manna ɗaya a tsakiyar bangon aji, huɗu kuma a wuraren da za su faɗo a kusurwoyin hoto. Na ɗora kyamarar a kan marikinta mai ƙafa uku, na saita a kan takardar tsakiya, na ɗauka da kowace ƙofar haske.

Da Jupiter-8 a buɗe a f/2, hoton duka ya yi laushi, amma ana karanta komai. Da na tsuke zuwa f/5.6 sai rubutun ya fito sarai daga tsakiya har kusurwa. Jupiter-12 kuwa labarinsa daban ne. A f/2.8 takardar tsakiya ta fito da kyau ƙwarai, amma a kusurwa ba a bambance ƙ da k, kuma farar takardar ta sauya launi. Sai da na kai f/8 lanƙwasar ta fara bayyana, a f/11 kuma ta gyaru, ko da yake ba ta kai ta tsakiya ba. Wanda ya juya Jupiter-12 ya dubi bayansa zai gane dalili nan take: gilashin baya ya fito waje kamar ƙwai, yana shiga har kusa da allon.

Ga mai ɗaukar hoton ado wannan ƙaramin aibi ne. Ga ɗalibin harshe kuwa babba ne, domin harafi guda yana sauya ma'ana. Haka abin yake a rubutun ajami, inda ɗigo da wasali ke rarrabe haruffa, kuma malamai sukan cika gefen shafi da sharhi, wato daidai wurin da idon ke gazawa.

6.0 Wane Ido ga Wane Aiki?

Ƙa'idar a taƙaice ita ce: daga tsawon 50 zuwa sama, yawancin idanun mai auna nisa suna aiki lafiya. Tsawon 35 sai an gwada, domin ya danganta da ƙira. Daga 28 zuwa ƙasa, musamman tsofaffin ƙira masu shiga ciki, matsala ta fi yawa. Masu ƙerawa su ma sun yarda da haka. Misali, a 2015 aka sake ƙera Voigtländer mai tsawon 15 a karo na uku don ya dace da allon haske, kuma sabon ya fi na da girma.

Idan hoton fuskar dattijon da ake hira da shi ake so, ido mai tsawon 50 ko 85 ya wadatar. Mutumin yana tsakiya, gefe kuwa ko da ma ba a son ya fito fili. Bugu da ƙari, ƙanƙantar idon tana da amfani, domin ba ta firgita mai ba da bayani kamar yadda zungureren ido ke yi.

Idan biki ne, kamar Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu ko Tuk-Ham na Kwoi, mai bincike yana son ya ɗauko jerin masu rawa da makaɗa da mafarauta daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan aikin ido mai faɗin gani ne, kuma a nan ne tsohon ido ya fi ba da kunya. Haka ma hoton duwatsun Kagoro ko ruwan Matsirga, inda ake son kowane ganye ya fito. A irin wannan aiki, idon zamani mai araha da ake sayarwa tare da kyamarar yakan fi.

Idan kuma takarda ce, kamar shafin ajami ko tsohon littafin waƙoƙin coci da aka buga da Hausa, akwai wata matsalar. Yawancin idanun mai auna nisa ba sa saituwa a ƙasa da santimita 70 ko mita ɗaya. Daga nisan mita ɗaya, ido mai tsawon 50 yana ɗauko fili mai kimanin santimita 65 da 43, saboda haka takardar A4 ba za ta cika ko da kashi ɗaya cikin huɗu na hoton ba. Ta kauce wa kusurwa, amma an yi asarar mafi yawan ɗigon allon. Akwai adafta mai murɗawa da ke ƙara tsawo don a matso kusa. Amma abin da ya fi shi ne a nemi tsohon idon kyamara mai madubi wanda aka ƙera don kwafar takarda, irin su Micro-Nikkor mai tsawon 55, domin yana zama nesa da allo kuma yana fitar da shafi daidai har gefe.

7.0 Hanyoyin Rage Matsalar

Hanya ta farko kuma mafi araha ita ce tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11, in ya so a ɗora kyamarar a kan mariƙi idan haske ya yi ƙaranci.

Ta biyu ita ce amfani da kyamara mai matsakaicin allo, irin Sony A6000 ko na Fujifilm, waɗanda allonsu kimanin milimita 23.5 da 15.6 ne. Wannan allo yana ɗaukar tsakiyar hoton ne kawai, ya bar mummunan gefen a waje. A misalinmu na baya, karkatar digiri 36 za ta koma 25. Sai dai ido mai tsawon 35 zai riƙa gani kamar mai 52, wato an rasa faɗin da aka nema tun farko.

Ta uku ita ce gyara a kwamfuta. A ɗauki hoton farar takarda da ido ɗaya da ƙofa ɗaya, sai manhaja ta yi amfani da shi ta cire duhu da sauyin launi daga sauran hotunan. Manhajar RawTherapee, wadda kyauta ce, tana yin wannan. Har ila yau, sabbin alluna irin na A7R II da ta fito a 2015 sun rage matsalar launi sosai. Amma a lura, dishi-dishin da gilashin rufi ya haifar ba ya gyaruwa a kwamfuta, domin abin da bai shiga hoto ba, babu manhajar da za ta dawo da shi. Akwai kamfanoni a ƙetare, kamar Kolari Vision na Amurka, da ke cire gilashin su sa siriri, amma kuɗin aikin da na aikawa ya fi ƙarfin ɗalibi.

8.0 Abubuwan Lura Kafin Saye

Da farko, ba kowane ido mai zaren milimita 39 ne na mai auna nisa ba. Tsofaffin kyamarorin Zenit masu madubi sun yi amfani da zare mai faɗi ɗaya, amma tazararsu ta haura 45. Irin wannan ido zai ɗauru a kan adaftar Zorki, amma ba zai taɓa saituwa ba. Na biyu, shahararriyar Yashica Electro 35 mai auna nisa ce, amma idonta a manne yake, ba a cire shi. Na uku, idanu masu shigewa ciki irin su Industar-22 kada a tura su cikin kyamara marar madubi, domin suna iya tokarar labulenta ko allon. Shi ma Jupiter-12 ba ya shiga wasu kyamarori masu ƙaramin allo, kuma tilasta shi ɓarna ce. Na huɗu, adafta marar inganci takan karkace, sai a ga gefe ɗaya na hoto ya fito, ɗayan ya dusashe. Gwajin takardu biyar yana tona wannan.

Sai kuma yanayin ƙasarmu. Damina a Kudancin Kaduna tana da tsawo da laima fiye da ta Kano ko Katsina, kuma laima ce ke sa funfuna ta tsiro a cikin ido kamar saƙar gizo. A haska tocila ta bayan idon a duba kafin a biya. A ajiye shi a mazubi mai murfi tare da ƙwayoyin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, ga shi bikin Afan yana faɗowa a tsakiyarta. A yawancin kyamarori marasa madubi allon yana buɗe da zarar an cire ido, kuma tabon ƙura ya fi fitowa a f/8 da f/11, wato ƙofofin da muka ce a yi amfani da su. Don haka a canza ido a cikin ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa tsohon idon kyamara mai auna nisa yana hawa kan marar madubi saboda gajartar tazararta, amma ingancin hoton ya dogara ne da yadda haske ke sauka a kan allo. Ido mai tsawon 50 zuwa sama abin dogaro ne, musamman ga hoton mutane. Mai faɗin gani kuwa kada a saya sai an gwada shi a kan kyamarar da za a yi aiki da ita. Gwajin ba ya buƙatar komai sai takardu biyar da bango da rabin awa, kuma ya kamata a yi shi tun kafin a shiga motar zuwa ƙauye, domin dattijon da ya buɗe maka akwatin takardunsa yau ba lallai ne ya sake buɗewa gobe ba.

Game da kalmomin da na yi amfani da su, irin su ido da allon haske da ƙofar haske, shawara ce kawai na gabatar. Ina roƙon malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda Hausa ce harshensu na uwa, su dube su, su gyara ko su kawo waɗanda suka fi dacewa a fitowa ta gaba.